Allon Tasha Bai Ga Jirgi Ba, Labari Ake Ba Shi



A manyan biranen da ke da jirgin ƙarƙashin ƙasa, irin su Landan da Niyok, akwai allo da ke rataye a saman dandamalin da fasinjoji ke tsayawa. Yana rubuta inda jirgi na gaba ya nufa da mintunan da suka rage ya iso. Mai kallo zai ɗauka abin ba wuya: ai kwamfuta ce, ta san inda jirgi yake, ta yi lissafi ta rubuta. To amma a wata tasha allon zai jero maka jirage uku da mintunansu, a wata kuma, cikin gari ɗaya, ƙarƙashin hukuma ɗaya, ba zai ce uffan ba sai jirgin ya kusa kunno kai. Wani lokacin ya rubuta minti 2, ka shafe minti 6 a tsaye yana nan a kan biyunsa. Dalilin haka nake so mu warware a wannan darasi. Allon ba shi da ido. Duk abin da ya rubuta daga tsarin sigina ya aro shi, shi kuwa sigina ba don fasinja aka ƙera shi ba.

Na san wani zai ce, kai da ka fito daga Lafani, can Illela bakin iyaka, inda ko dogo babu balle na ƙarƙashin ƙasa, ina ruwanka? Gaskiya ne dogo ya isa Kano tun 1911, reshensa ya kai Kaura Namoda a 1929, ya tsaya nan bai ƙaraso Sakkwato ba. Amma yanzu ana shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgin Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016. Legas ta fara ɗaukar fasinja a layinta mai shuɗin launi, daga Marina zuwa Mile 2, a Satumban 2023. Duk waɗannan suna buƙatar masu gyaran sigina, kuma aikin 'yan kwalejin kimiyya da fasaha ne irinmu. In ba mu koya ba, daga waje za a ci gaba da ɗauko masu yi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na zaɓa don a can ne matsalar ta fi fitowa fili, amma ƙa'idar ɗaya ce a kowane dogo.

Mu fara kawar da GPS daga hanya, don shi ne abin da kowa ke fara kawowa. Saƙon tauraron ɗan'adam ba shi da ƙarfi, ko ɗaki mai rufin kankare ka shiga sai wayarka ta fara lalube. Ba ya ratsa ƙasa ya kai rami. Saboda haka a ƙarƙashin ƙasa dole dogon da kansa, ko wani abu da aka girke a jikinsa, shi zai faɗi inda jirgi yake.

Tambaya ɗaya sigina yake amsawa: shin hanyar da ke gaba babu kowa? Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama hanya kamar tayar roba a kan kwalta, don haka birki ba ya ci nan take. Mu ɗauka jirgi yana gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, kuma birkinsa yana rage mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ku tuna lissafin aji ɗaya: ka ninka gudun da kansa, ka raba da ninki biyu na ƙarfin birkin. 400 a raba da 2, mita 200 ke nan kafin ya tsaya cik. A cikin rami mai duhu da lanƙwasa, direba ba ya hango mita 200. Kafin ya ga fitilar jirgin da ke gabansa, aikin gama ya gama. Maganin da injiniyoyi suka samo tun ƙarni na 19 shi ne a yanka dogo gaɓa-gaɓa kamar rake, a sa danja a bakin kowace gaɓa, a kafa doka: jirgi ɗaya tak a gaɓa ɗaya.

Yaya ake sanin akwai jirgi a gaɓa? Nan ne wani Ba'amurke, William Robinson, ya kawo dabarar da aka yi wa rajista a 1872, kuma har yau ana amfani da ita. A raba ƙarafan dogon wannan gaɓar da na maƙwabciyarta da abin da wuta ba ta ratsawa. A wannan ƙarshen a haɗa batir, waya ɗaya ga ƙarfen dama, ɗaya ga na hagu. A wancan ƙarshen a haɗa rile tsakanin ƙarafan biyu. In babu jirgi, wuta za ta bi ƙarfen dama ta shiga rile ta dawo ta na hagu, rilen ya kama, danja ta ba da hanya. Da jirgi ya shigo, ƙafafunsa da sandar ƙarfen da ta haɗa su sun zama gajeriyar hanya tsakanin ƙarafan biyu, wutar ta bi nan ta koma, rile ya rasa wuta ya saki, danja ta koma ja.

Ku lura da hikimar da ke ciki. Batir ya mutu, rile zai saki. Waya ta tsinke, zai saki. Dogon ya karye, zai saki. Kusan duk lalacewar da za ta iya aukuwa tana kai shi ga cewa "akwai jirgi, a tsaya". Ni a ganina duk cikin darussan lantarki babu da'irar da ta kai wannan kyau, ga arha ga tsoron Allah.

Sai dai mu tambayi rilen nan abin da ya sani. Ya san i ko a'a, shi ke nan. Bai san wane jirgi ne ba. Bai san ko jirgin yana bakin gaɓar ko yana ƙarshenta ba. Bai san ko gudu yake ko a tsaye yake ba. Wa direban da ke baya wannan ya wadatar. Wa fasinjan da ke son jin "minti nawa", bai wadatar ba ko kaɗan.

Ga misalin da duk ɗan Illela zai gane. Kana tasha a Illela kana jiran kaya daga Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80, direban kuma wayarsa a kashe. Kana da aboki a Kware, kana da wani a Gwadabawa, kowa zaune bakin titi. Na Kware ya kira ya ce mota ta wuce. Ka yi lissafinka. Daga nan har ta ɓullo Gwadabawa, ba ka da labari: ko tana sharara gudu, ko taya ta yi faci, ko direba ya tsaya salla. In wani ya tambaye ka a wannan tsakanin, da lissafi za ka amsa masa, ba da gani ba. Allon tasha haka yake zaune. Kuma akwai abin da ya fi wannan: ka kira na Gwadabawa ka ce, "Ta wuce?" ya ce maka, "Wata farar mota dai ta wuce, ban sani ba ko ita ta." Rilen Robinson ke nan sak.

Mu sa lamba. A ce gaɓa tana da tsawon mita 600, jirgi kuma yakan ratsa ta a kan mita 10 a daƙiƙa. Minti ɗaya ke nan. Kwamfutar allo tana da jadawalin da ke cewa daga shiga wannan gaɓa zuwa tasharka minti 3 ne. Rile ya saki, ta rubuta 3, ta fara ƙirga agogonta. Jirgin ya shiga da mita 100 sai ya tsaya saboda danjar gaba ta rufe. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin haka sai mintin ya cika rilen gaba bai motsa ba. A nan mai rubuta manhaja yana da zaɓi biyu, kuma duka ba daɗi. Ko ya bar agogo ya ci gaba da sauka har ya rubuta "ga shi nan" alhali ramin wayam, ko ya daskarar da lambar har sai labari ya zo. Wannan na biyun ne ke haifar da "minti 2" ɗin da ba ya ƙarewa. Ni da za a ba ni zaɓi, daskararwar zan ɗauka, don fasinjan da aka ce wa jirgi ya iso yakan matso bakin dandamali, wurin da ba a son cunkoso. Abin da za ku riƙe shi ne, gwargwadon tsawon gaɓa, gwargwadon makantar allo. Gaɓa mai mita 200 makantar daƙiƙa 20 ce a wannan gudun, mai mita 1,500 kuwa minti biyu da rabi.

Saura batun suna. Tun da rile bai san wane jirgi ne ba, sai aka ƙirƙiro wata na'ura mai aikin magatakarda. A farkon tafiya ma'aikaci, ko jadawali, ya ba jirgi lamba da inda ya nufa. Duk lokacin da rilen gaɓa ta gaba ya saki, na bayanta ya kama, sai na'urar ta ɗauke sunan daga wannan gurbi ta mayar da shi na gaba. Ba ta taɓa ganin jirgin ba, bin sawu take yi. In rile ɗaya ya yi gardama, ko aka sauya wa jirgi hanya a tsakiyar tafiya ba a gaya mata ba, sunan ya faɗi, ko ya manne wa jirgin da ba nasa ba. Shi ya sa a Landan wani lokaci allo kan rubuta wa fasinja cewa ya dubi gaban jirgin ya ga inda za shi. Wato tsarin ya san akwai abu tafe, sunansa ne ya ɓace masa.

Inda abin ya fi cakuɗewa shi ne mararraba, kuma Landan ce makarantar wannan. Jirgin ƙarƙashin ƙasarta shi ne na farko a duniya, an buɗe shi ranar 10 ga Janairu, 1863. Tsofaffin layukanta huɗu, Circle da District da Metropolitan da Hammersmith & City, suna tarayya a kan dogo ɗaya a wurare da yawa, suna haɗuwa suna rabuwa. A ce tasharka tana gaba kaɗan da inda layi biyu suka haɗe. Jirgi ɗaya tafe daga dama, ɗaya daga hagu, kusan lokaci guda. Wanne zai fara shiga? Babu wanda ya sani, har shi mai sarrafa sigina, sai lokacin da ya yanke shawara ya buɗe wa ɗaya hanya. Kafin wannan lokacin amsar ba ta wanzu ba ma, balle allo ya rubuta ta. Don haka tashar da ke dab da mararraba gargaɗin minti ɗaya ko biyu kawai take iya bayarwa, komai tsadar allon da aka rataya mata. Haka tashar da ke kusa da ƙarshen layi: jirgin da zai zo maka yana can a fake bai tashi ba, abin da ke hannun allo jadawali ne kawai, jadawali kuwa niyya ce.

Ƙari a kan haka, a tsohon tsari ba ɗaki ɗaya ke kula da layi duka ba. Kowane ɗakin sigina da yankinsa, yana miƙa wa na gaba sunan jirgi in ya kusa iyaka. Mu 'yan bakin boda mun san wannan: jami'in Illela ba ya ganin littafin jami'in Ƙonni, sai mota ta iso gabansa. Ɗakin sigina na tashar Edgware Road a Landan, wanda aka gina a 1926, da sandunan da ake ja da hannu, bai daina aiki ba sai a 2019. Allon zamani da ke samun labari daga irin wannan ɗaki ba zai hango abin da ke bayan iyakar ɗakin ba.

Ɗalibin kwamfuta zai ce, to a jona waya a kowane rile a kwaso bayanan mana, a tara su a uwar garke ɗaya. Ana yin hakan, amma ba da gaggawa ba. Wayoyin sigina rayukan mutane ne a jikinsu. Duk abin da za a jona musu sai an tabbatar ba zai iya mayar da wuta cikin rile ya sa shi kamawa alhali akwai jirgi ba. Don haka hanyar ɗaya ce: labari ya fita daga sigina zuwa allo, kada komai ya dawo. Kowace jonawa sai an zana, an duba, wani daban ya sake dubawa, an gwada, kuma a 'yan awannin dare da jirage ba sa tafiya. A Niyok ma jiragen ba sa kwana, dare da rana suke aiki. Wanda yake ganin tsananin ya yi yawa ya dubi abin da ya faru a Washinton ranar 22 ga Yuni, 2009. Da'irar wata gaɓa kusa da tashar Fort Totten ta kasa ganin jirgin da ke tsaye a kanta, tsarin ya ɗauka hanya a buɗe take, jirgin baya ya zo ya afka masa. Mutum 9 suka rasu. Allo in ya yi kuskure, an makara aiki. Sigina in ya yi nasa, sai jana'iza. Injiniyan da ya ƙi bari a taɓa masa waya don a faranta wa fasinja rai, ni ina bayansa.

Mutanen Niyok da suka gaji da jira sai suka zagaya. Yawancin layukansu masu lamba sun riga sun samu agogon jira, saboda an haɗa siginarsu da cibiya ɗaya mai bin sawun jirage. Yawancin layukan da ke da haruffa kuwa, waɗanda wasu kayan siginarsu tun shekarun 1930 suke, sun zauna babu. Daga 2016 aka fara liƙa ƙananan na'urorin Bluetooth a taragon farko da na ƙarshe na kowane jirgi, aka sa masu karɓar saƙo a bakin dandamali, kafin ƙarshen 2017 an kai ko'ina. Jirgi ya shigo tasha, a ji shi. Ya fita, a ji shi. Ba a taɓa wayar sigina ko ɗaya ba, kuɗin kuma kaɗan ne in an kwatanta. Amma ku duba da kyau: abokinka na Kware da na Gwadabawa ne aka sake ɗauka aiki, sai dai yanzu sun san lambar motar. Tsakanin tasha da tasha har yanzu lissafi ne.

Gyaran asali shi ne a juya tambayar, jirgin da kansa ya riƙa faɗin inda yake. Wannan tsari ake kira CBTC, wato sarrafa jirgi ta hanyar sadarwa. Jirgi yana ƙirga juyawar ƙafarsa ya san nisan da ya ci. Da yake ƙafa takan zame, ƙirgen yakan kauce, sai aka dasa alamomin lantarki a tsakiyar dogo, kowace da sananniyar mazauninta, jirgi na bi ta kai ya gyara lissafinsa. Sannan ya riƙa aika wa kwamfutar gefen hanya sunansa da wurinsa da gudunsa ba ƙaƙƙautawa. Ita kuma ta gaya wa na baya iyakar inda zai iya kaiwa. Gaɓar ta daina zama a ƙasa, ta koma tana tafiya tare da jirgi. Manufar ita ce a cusa jirage da yawa a layi ɗaya, amma allo ya ci albarkacin abin, don yanzu suna da wuri da gudu duk suna hannu. Layukan Jubilee da Northern na Landan sun koma irin wannan, haka layin L na Niyok. Alhazanmu ma sun hau irinsa ko ba su sani ba: jirgin da ke jigila tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki a hajjin 2010, mai tsawon kusan kilomita 18 da tashoshi 9, da shi yake tafiya, kodayake shi a sama yake bisa gada.

Ko da wannan, akwai abin da ya gagari kowace na'ura, wato tsayuwar tasha. An tsara daƙiƙa 30, wani ya sa jakarsa a bakin ƙofa, ta zama 70. Jirgin da ke tasha biyar kafin taka yana da irin wannan caca sau biyar. Shi ya sa lambar jirgi na farko a allo ta fi ta na uku abin dogaro, a kowane tsari.

Yanzu mu dawo da abin gida, don namu yanayin yana da nasa sharri. Da'irar Robinson ta dogara ne da ƙarfe ya taɓa ƙarfe sosai. Tsatsa a dogon da ba a yawan bi, ko yashi da iska ta kwaso ta zuba a kai, suna iya shiga tsakanin ƙafa da dogo su hana wutar bin gajeriyar hanya. Wannan ita ce lalacewar da ke faɗawa ɓangaren haɗari, jirgi yana nan rile yana cewa babu. A Ingila ganyen bishiya ne ke yi musu haka da kaka. Wanda zai yi aiki tsakanin Jibiya da Maraɗi ya sa rairayi a lissafinsa. Damina kuma akasin haka take yi: ruwa ya kwanta tsakanin ƙarafan, wuta ta zurare, rile ya saki, allo ya nuna jirgin da babu shi. Ɓarawon waya ma sakamakonsa ke nan. Saboda irin waɗannan ne sababbin layuka da yawa suka koma na'urar ƙirga ƙafafu: ɗaya a bakin gaɓa, ɗaya a ƙarshenta. Ƙafa 24 sun shiga, 24 sun fita, gaɓa ta zama fanko. Ba ruwanta da tsatsa ko yashi. Aibinta, in wuta ta ɗauke ta manta ƙirgenta, ko ta ƙirga 24 a shiga 23 a fita, za ta rufe hanya har sai ma'aikaci ya bi ƙa'ida ya tabbatar babu komai ya sake saita ta. Kuma ba ta ganin karyewar dogo. Ta fuskar allo kuwa ba ta ƙara komai ba, i ko a'a ɗin nan ce dai.

Wanda yake neman aikin ƙarshen zango, ga shi a sauƙaƙe. Ku sami sandunan alminiyam biyu ku shimfiɗa a kan katako, ku yanka su gaɓa huɗu, biyu gajeru biyu dogaye. Kowace gaɓa a ba ta wutar batir mai bolt 12 ta cikin resisto, don kada batirin ya ƙone in an yi shot, da rile ɗaya a ɗaya ƙarshen. Amalanken wasa mai ƙafafun ƙarfe da sanda ɗaya ya isa jirgi. Ku kai bakin rilen huɗu ga Arduino, ku rubuta manhajar da za ta nuna daƙiƙun da suka rage a ƙaramin allo. Sannan ku tsayar da amalanken a tsakiyar doguwar gaɓa ku rubuta abin da allonku ya yi, ku barbaɗa yashi a kan gajerar ku sake turawa, ku rubuta wannan ma.